Gadon Lungu da Orval Ya Cire

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a filin tsakuwar nan da ke kudu da Quartzsite ya san Orval Stuckey, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai fensir a bayan kunne, wanda ba ya iya zama a kujerar mutum sai ya girgiza ta ya ji ko ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Kafinta ake ce masa. Shekara tara a jere shi da matarsa Wilda suna gangarowa hamadar Arizona a watan Nuwamba, jaye da ɗakinsu mai taya a bayan a-kori-kura, su kafa shi a bakin busasshen rafi guda, ƙofa na kallon gabas, ba sa ɗagawa sai zafi ya fara korar mutane. Irin tirelar nan ce ta kwana, tsawonta ƙafa ashirin da huɗu, da kicin da banɗaki da gado duk a ciki, kuma ba su da wani gida a duniya bayan ita.

An haife shi a wata gona a Nebraska, ɗa na huɗu a gidan da masararsa ba ta isar 'ya'ya huɗu. Yana ɗan shekara sha shida ya bi masu gina gidajen katako, bai sake waiwayar gona ba. Shekara arba'in da huɗu ya yi yana wannan aiki. Har yau in ka bi ta ƙauyukan gefen kogin Platte za ka ga gidajen da ya kafa, ƙofofinsu na rufuwa ba sai an sa musu kafaɗa ba. Mutum ne mai gaskiya a aiki, mai taurin kai a komai. Ya yarda har cikin ransa cewa duk abin da ka gani a karkace a duniyar nan wani malalaci ne ya bar shi haka, kuma in aka ba shi tef da zarto da kwana biyu zai miƙe shi. Irin wannan imanin yana da amfani a wurin gini. A gida kuwa gajiyar da mutane yake yi.

Wilda kaɗai ce bai gajiyar ba. Mai dafa abinci ce a makarantar firamare, gajera, mai faɗin kafaɗa da kaifin baki. An aika shi ya kafa kabad a kicin ɗin makarantar, ya kafa shi daidai idonsa, ita kuwa ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai ta tambaye shi ko tsani ma yana cikin kwangilar, don ba kowa aka haifa falwaya ba. Ya sauke kabad ɗin inci takwas, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, kafin shekara ta zagayo kuma aka ɗaura musu aure. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Marnie, wadda ta girma ta kama aiki a birnin Omaha na Nebraska. Ta gaji bakin uwarta da taurin kan ubanta, haɗin da ba ya barin kowa ya huta.

Da kafaɗarsa ta dama ta ƙi yarda ya ɗaga guduma sama da kansa, sanyin Nebraska kuma ya fara kwana a gwiwoyin Wilda, sai suka sayar da gidan suka sayi tirelar. Wilda ce ta zaɓa, saboda wata taga da ta burge ta a baya. Shi gadon ya fara gani, kuma tun a ranar ya tsane shi.

Gadon lungu ne, irin wanda masu ƙera waɗannan ɗakunan ke cusawa a kusurwar baya don su samu wurin banɗaki. Bango a kai, bango a gefe, wajen ƙafa kuma rabin bangon banɗaki. Mashiga ɗaya ce tak, ita ma an yanke mata gefe don ƙofar banɗakin ta iya buɗuwa, saboda haka katifar ba kusurwa huɗu gare ta kamar ta sauran bayin Allah ba, biyar ne. Babu zanen gadon kasuwa da yake zama a kanta. Wilda ta fito da keken ɗinkinta ta ɗinka guda shida masu yankakken gefe, kuma kafin ta shimfiɗa ko ɗaya sai ta hau gadon da rarrafe, tana cusawa tana haki. Ita ta ɗauki wajen bango, don nan tagarta take. Shi dogon ya samu wajen da aka yanke, ya yi shekara tara yana kwana da gwiwa a lanƙwashe.

Duk lokacin da za ta sauka kuma, dole ta haura ta kansa, babu wata hanya. Ta ɗora masa gwiwa a haƙarƙari, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama, ta ce, "Gafara dai, tsohon gungume." Shi kuma ido a rufe ya ce, "Haƙarƙarina ba matakala ba ne." Sau biyu, sau uku a kwana ɗaya, har da barcin rana. Kowa a da'irar tirelolinmu ya haddace ƙorafin, domin da ƙarfe huɗu na yamma in aka kunna wuta aka jawo kujeru, Orval ba shi da wani labari sai na gadon. Ya ce wanda ya zana shi bai taɓa aure ba. Ya ce rabonsa da barci mai ɗorewa tun yana da gida mai tushe. In aka tambaye shi me ya hana shi gyarawa, shi da yake kafinta, sai ya nuna Wilda da haɓa. Ita ta hana. Ta ce ta riga ta ɗinka zannuwa shida, ba ta da ƙarfin sake wasu.

A hunturu na bakwai Wilda ta fara mantuwa. Da farko irin ta kowa ce, tabarau da makulli. Daga baya sai ta soya fanke da safe su ci, ta wanke kasko, ta koma ta kwaɓa wani ƙullun tana mitar rana ta yi ba su karya ba. Ta fara kiran maƙwabciyarsu Bernadine, wata tsohuwar direbar motar 'yan makaranta da mijinta ya rasu, da sunan yayarta da ta bar duniya tun da daɗewa. Wani lokaci in ta haura ta kansa ba banɗaki take nufa ba. Takan ce ta makara, yara na can na jiran abinci. Sai ya riƙo mata gefen riga ya ce yau Asabar ce, ta ce au, ta koma ta kwanta. Wata rana ta kunna gas ta fita shanya.

Orval bai ce wa kowa komai ba. Ya cire maɓallan murhun ya riƙa yawo da su a aljihu. Ya bi kabad ɗaya bayan ɗaya da fensirinsa yana rubuta abin da ke ciki, ya ce wai don baƙi. In Marnie ta bugo wayar bidiyo ranar Lahadi, yakan zauna gefe inda ba za a gan shi ba yana raɗa wa Wilda amsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan rufin bene mai hawa uku ba. Ya san 'yarsa. In ta gane, za ta zo ta ɗauke uwarta ta kai ta gidan kula da tsofaffi, shi kuwa ba wanda zai ba shi gado a can.

A tsakiyar Disamba na hunturu na tara, Wilda ta zo haurawa, bargo ya harɗe mata ƙafa, ta tafi gaba ɗaya ta bugi ƙofar banɗaki. Ya cafke rigar amma bai kai ga hannun ba. Tsintsiyar hannunta ta hagu ta karye. Wannan kam ba ya ɓoyuwa, Marnie ta ga ɗaurin da idonta a waya.

"Baba, sau nawa na ce muku gadon nan sai ya illata wani?"

"Bargo ne."

"Yau bargo ne da hannu. Gobe ƙugu ne, kuma mace mai shekara saba'in da uku in ta karya ƙugu ba ta tashi. Zan zo ƙarshen Fabrairu. In na tarar har yanzu Mama sai ta hau kanka kafin ta sauka, da ita zan koma. Na riga na ga wuri kusa da gidana."

Ya ajiye wayar, kuma abin mamaki sai ya ji sauƙi. Gadon take zargi, ba kan uwarta ba. Gado kuwa katako ne, kuma katako bai taɓa gagarar Orval Stuckey ba.

Kwana uku ya yi yana awo. A lungun dai babu dabara, banɗakin ya cinye wurin. Amma a goshin tirelar, inda tebur da bencina biyu suke, faɗin ɗakin gaba ɗaya yana nan, inci casa'in da biyu. In aka sa katifa a tsakiya, inci goma sha tara za su ragu a kowane gefe, isasshen wurin da tsohuwa za ta sauke ƙafa ta miƙe ba ta taɓa kowa ba. Sai a mai da tebur lungun da gadon yake. Ya zana a bayan kwalin hatsin karin kumallo ya nuna wa Wilda. Ta ce, "Zannuwana fa?" Ya ce zai sayo sababbi. Washegari ta ga kwalin ta sake tambaya, ya sake ba ta amsa. Sau huɗu ta tambaya, daga nan ta daina, shi kuma ya ɗauka ta yarda ke nan. Mutum in yana son abu, ko shiru aka yi masa amincewa yake ji.

Bernadine ta riƙa ɗaukar Wilda da rana, suna zama a inuwar rumfarta suna haɗa hoton nan da ake yayyankawa gutsi-gutsi. Orval ya shiga da ƙarfen ɓamɓare katako. Abin da ya tarar a ƙarƙashin gadon ya ba shi haushi kuma ya faranta masa rai lokaci guda: sanduna sirara kamar yatsa, gam, da 'yan ƙusoshi irin na ɗinke takarda. Ya ɗauki guntu ya zagaya da shi bakin wuta, yana miƙa wa kowa ya taɓa. Ya ce su duba abin da ya yi shekara tara yana kwana a kai, ko kejin kaza ba zai yi da wannan ba. Da ya gama nunawa ya jefa shi wuta, ya koma ya kwaso sauran, muka sha ɗumi da su a yammacin nan. Tsohuwar katifar mai kusurwa biyar kuma ya ba wani mutum mai karnuka uku.

Mako biyar ya yi yana aikin, kafaɗar na ci masa rai, yana haɗiye ƙwayoyi yana ci gaba. Ba a taɓa yin gado irin wannan a filin nan ba, wannan gaskiya ce. Ya je garin Blythe ya zaɓo katako da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne ya hanga da ido ɗaya. Ya zaunar da Wilda ya auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa, don tsayin gadon ya zo daidai ƙafarta. Ya goge kowace kusurwa ta zama sumul kada ta buge ƙauri. Ya kafa mata marikin hannu a bango da 'yar fitila. Gefen dama ya ba ta, wajen ƙofar fita, domin nan ne hanya ta fi miƙewa zuwa banɗaki.

Ana saura kwana biyu ya gama, Bernadine ta leƙo da kofin gahawa. Ta tsaya a kan matakala, ta dubi gefen Wilda, ta dubi ƙofar da take riƙe da ita.

"Kafinta, daga nan zuwa nan taku nawa ne?"

"Biyu," ya ce, yana share gumi. "Ba abin da zai tare ta."

"Biyu," in ji Bernadine.

Ya ɗauka yabo ne. Ita kuwa ta so ta ƙara magana, amma Orval ba mutumin da ake gaya wa komai a kan aikinsa ba ne, kuma tunda bai taɓa buɗe baki ya ce kan matarsa ya taɓu ba, ba ta ga ta inda za ta shiga ba. Ta ajiye masa kofin ta koma.

Farkon Fabrairu aka gama. Mutane suka yi layi a bakin matakala suna shiga bibbiyu, suna shafa katakon suna jinjina. Daga ƙarshe aka shigo da Wilda. Ta tsaya ta kalli gadon, ta kalli tebur a lungu, ta ce, "Kai, ɗakin nan ya yi kyau. Na wane ne?" Aka kwashe da dariya, don an san ta da barkwanci. Ita ma da ta ga ana dariya sai ta yi. Bayan kowa ya watse ta jawo hannun rigarsa ta ce a hankali, "Tsoho, mu tafi gida haka nan, kada mu dame su."

Ya ce za ta saba. Kullum abin da yake gaya wa kansa ke nan. In gajiya ta kama ta sai ta nufi lungun baya, ta tarar da tebur, ta tsaya da hannu a jikin bango kamar wadda aka ce ta jira. Ya tarar da ita wata safiya ta cire sabon zanen gadon tana fama da tsohon zanen mai yankakken gefe, in ta cusa wannan kusurwa waccan ta fizge, tana ta yi har ta zauna a ƙasa tana kuka ba ta san dalili ba. Ya ɗaga ta, ya ninke zanen ya mayar cikin kabad. Abin ya taɓa masa zuciya, amma bai sa ya yi shakkar aikinsa ba ko kaɗan.

Kuma ya yi barci. Allah ya yafe masa, ya yi barci. Ƙafa a miƙe, ba gwiwar kowa a haƙarƙari, ya kwanta ya tashi kamar wanda aka sauke wa buhu. Fuskarsa ta ciko. A bakin wuta ya ce da ya san haka daɗin yake, da tun shekarar farko ya farfasa abin, a yi faɗan zannuwan a gama.

Ranar da Marnie za ta iso, ya tashi tun da sassafe ya share tabarmar ƙofa, ya goge gadon, ya yi wa Wilda kitson da ya iya. Jirginta zai sauka Phoenix da hantsi, ta ɗauki motar haya, ana sa ran ta wajen ƙarfe huɗu. Suka ci wake da burodin masara da rana. Ya ce bari su ɗan kishingiɗa minti ashirin kada ta same su a gajiye.

Iska ce ta tashe shi, tana hura masa fuska. Ƙofar na buɗe tana kaɗawa. Ya kai hannu gefen dama, ya ji wurin har ya huce. Agogo ya nuna uku da minti goma. A kan matakala silifas ɗinta ɗaya ne, ƙofar kabad ɗin zannuwa kuma a buɗe.

A filin nan in aka danna hon sau uku a jere, kowa ya san ba lafiya ba. Kafin minti goma an fito da babura masu ƙafa huɗu, an raba wa kowa ɓangarensa. Amma wanda ya san wurin ya san wahalar. Tireloli ne farare iya ganinka, a warwatse tsakanin ƙaya da tsakuwa, duk kama ɗaya, mai hankalinsa ma yakan ɓata in ya je zubar da shara. Wani mutum can gaba ya ce wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta tambaye shi ko ya ga gidanta, mai taga a baya. Ya ɗauka irin ɓatan kowa ne, ya nuna mata hanyar da ya ga ta fito, ita kuwa ta yi godiya ta miƙe wata hanyar.

Ana cikin haka Marnie ta iso, da kwalin alewa a kujerar gaba. Abin da ta fara gani shi ne ubanta a cikin busasshen rafi, ba hula, yana gudu irin na tsofaffi yana kiran sunan uwarta.

Rana na gab da faɗuwa, sanyi ya fara sauka, aka samu Wilda. Mil biyu ta yi. Tana zaune a gindin wata bishiyar ƙaya a cikin rafin, ƙafa ɗaya ba takalmi, tafin duk ƙaya da jini, ta rungume zanen gado mai yankakken gefe. Da ta ga Orval ba ta yi kuka ba, harara ta yi masa. Ta ce, "Ka daɗe. Wani ya ja mana gida, tsoho, kana can kana barci."

Washegari da safe Bernadine ta ɗauki Wilda, aka bar uba da 'ya a cikin tirelar. Marnie ta riga ta karanta rubutun fensir a jikin kowane kabad. Ta riga ta ga murhu ba maɓalli. Ta tsaya a cikin inci goma sha taran da ya yi wa uwarta, ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara biyu.

"Shekara biyu kana raɗa mata amsa?"

Ya ce e.

"A duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa fita haka ba?"

Ya buɗe baki zai ce ko sau ɗaya, sai ya tuna. Wilda ta tashi ai. Sau nawa ta tashi za ta je dafa wa yara abinci, sau nawa gwiwar nan ta sauka a haƙarƙarinsa ya farka ya riƙo riga ya ce yau Asabar ce. Shi duk a lissafinsa hana shi barci ake yi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mugun gadon nan ne yake tsare masa mata ba, shi ne ƙofa, shi ne makulli, kuma da hannunsa ya farfasa shi ya zagaya da shi yana nuna wa mutane kafin ya ƙone. Ya zauna a bakin gadon.

Ya roƙi Marnie, shi da bai saba roƙon kowa ba. Ya ce zai mayar da gadon lungu, mako ɗaya ya ishe shi. Ta ce sai kuma uwarta ta karya ƙugu. Ya ce zai sa kwaɗo a ƙofa. Ta ce a ɗakin da yake da tukunyar gas da ƙofa ɗaya, tsofaffi biyu a ciki? Ya ce to ƙararrawa. Ta tambaye shi ko ya ji ƙarar ƙofar jiya, wadda ta buɗu taku biyu daga kansa. Bai ji ba. Ya ce to ba zai ƙara barci ba, zai zauna a kujera ya yi gadinta. A nan ne Marnie ta fashe da kuka, ta zauna kusa da shi ta shafa katakon da ya goge.

"Ni na sa ka, Baba. Na sani. Kuma gadon ya yi kyau."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

A rana ta uku suka tafi. Wilda ta shiga motar da fara'arta, don an ce mata gida za a je, da zannuwanta shida a cinya, ta hana a sa su a but ɗin motar. Ta leƙo ta taga ta ce masa ya yi sauri ya biyo su, kada ya tsaya surutu. Ya ce to. Amma ba a jan tirela zuwa Nebraska a watan Fabrairu, sanyi zai fasa bututun ruwa a kwana guda, kuma wuraren ajiye ta duk a rufe suke sai Afrilu. Mako biyar ya yi a filin nan shi kaɗai. Ya daina zuwa bakin wuta. Ya cire fensirin daga bayan kunne. Bernadine takan kai masa abinci ta dawo da kwanon jiya ba a taɓa ba, kuma ita ta lura ba ya kwana a sabon gadon. A kan bencin lungu yake naɗewa, gwiwa a lanƙwashe. Ranar farko ta Afrilu ya ɗaure tirelar a bayan a-kori-kura ya ɗauki hanyar arewa, kuma bai sake gangarowa hamada ba.

Gidan da aka kai Wilda mai tsabta ne, yana ƙamshin sabulu, ma'aikatansa masu kirki. Ya isa bayan azahar, aka ce tana barcin rana amma ya shiga ya zauna. Ɗan ƙaramin gado ne na mutum ɗaya, an tura shi jikin bango, taga a samansa. Wilda ta manne da bangon ta juya masa baya, ta bar rabin katifar ba kowa. Ta rame. An rage mata gashi. Ya jawo kujera, hannunsa ya girgiza ta kafin ya yi tunani, ya ji ƙafarta ɗaya ta gaza sauran. Ya zauna a haka.

Can ta motsa ta juyo. Ta dube shi, ta ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da aka tarar a ɗakin jira. Sannan ta tashi a hankali, ta ɗora gwiwa a kan wurin da ba kowa, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama ta haura.

"Gafara dai, tsohon gungume."

Amsar ta fito masa da kanta. "Haƙarƙarina ba matakala ba ne."

Ta juyo da sauri ta ɗora yatsa a leɓe. Ta nuna masa gadon da ido.

"Bawan Allah, rage murya. Maigidana na barci. Shekara tara bai samu barcin kirki ba."

Orval ya ce to. Ya zauna shiru a kan kujerar mai gajeriyar ƙafa, har aka zo aka ce masa lokacin ziyara ya ƙare.